Kaset ɗin Inna da Taurin Kaina

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifiyata, na tsinci wani kaset a ƙasan akwatinta a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Lokacin da mahaifina yake tuƙin babbar mota a Kudu, ba waya, sai ta naɗi magana a kaset ta ba direbobi su kai masa. Wannan kaɗai ya rage.

Na sa aka mayar min da shi cikin tablet ɗina, na jona da sifikun falo, ina ta cika baki. Baba kuwa kunnensa ya fara nauyi. Ya kasa kunne can, ya girgiza kai.

"Wannan ba muryarta ba ce."

Wallahi maganar ta soke ni. Kuma da gaskiyarsa: in na sa caji sai sifikun su kama gurnani, in na cire murya ta siranta, ana tsaka da sauraro saƙo ya shigo, ƙiliin! Na rantse sai Baba ya ji matarsa.

Abokina mai gyaran kayan sauti a Tarauni ya ce, "Kai, tablet ɗin nan aikinsa ya yi yawa. Akwai ɗan akwatin da ba ya komai sai fitar da sauti, zo ka ari nawa." Ni da taurin kai na ce ai magana ɗaya ce a ciki, me zai canza? Na sauya waya, na sauya caja, na zagi sifiku, har masu wuta sai da na ɗora wa laifi. Mako uku ina wannan shirme.

Daga ƙarshe na sunkuyar da kai na hau adaidaita na je. Abokin nawa dariya kawai ya yi, ya miƙo min akwatin.

Bayan la'asar na jona, na zuba muryar a ciki. Falo ya yi tsit, ba gurnani. Sai ga Inna tar, har da ƙarar awarwaronta: "Malam, ina gajiya? Ya hanya?"

Baba ya gyara zama ya ce, "Lafiya lau, Hajiya. Na iso."

Na fita tsakar gida, don ban so ya ga idona.

Na san ba sihiri ba ne, gurnanin ne ya tafi. Amma har yau mako ukun nan suna ci min rai, domin Baba bai kai azumin shekarar ba.