Ƙyallen da ke Ƙafar Kaza

A bakin hanyar Watari, inda Zulfa ke jiran mota, wani dattijo yana zaune a ƙofar gidansa da kaza a kan cinya. Dogo ne, gemu fari fat, hannuwansa sun yi kanta saboda riƙon fartanya. Kazar ta saki fukafukai, tana gyangyaɗi da rana tsaka.

Yana buɗa mata baki ya leƙa, ya kara kunne a jikinta yana sauraron kakarin da take yi. Sannan ya ɗebo jiƙon ɓawon maɗaci daga kwano da cokalin shayi, yana ɗura mata. Rabi a bakinta, rabi a rigarsa. Daga gani bai saba ba. Wannan aiki a cikin gida mata ke yinsa.

Wani maƙwabci ya tsaya a kan kekensa. "Malam Nata'ala, ka sa mata wuƙa tun tana motsi, kada ta zama mushe."

"Ba tawa ba ce," in ji dattijon, bai ko ɗago ba.

Sai Zulfa ta lura da ƙyallen atamfa a ƙafar kazar, irin wanda mata ke ɗaurawa don gane kajinsu. Ya koɗe, amma ƙullin yana nan daram. Ba ta sani ba ko mai ƙyallen tana kwance a asibiti ne, ko an riga an kai ta makwanci.

Maƙwabcin dai ya sauko. Ya jingine keken, ya tsuguna, ya riƙe masa kwanon.