Awakin Injiniya a Saman Bene

Ko da zan manta hanyar gidanmu, ba zan manta awakin da na tarar a saman benenmu na unguwar Sharafiyya a Jidda ba. Furfura ta cinye min kai yanzu, amma har gobe in na ji kukan akuya sai na tuna.

Lokacin ina ɗinki a ƙasan benen. A hawa na uku akwai wani ɗan ƙasarmu, injiniyan lantarki, gwanin da in ya harari matacciyar na'urar sanyaya ɗaki sai ta tashi don kunya. Abin da ya ɗaure min kai, kullum da la'asar sai ya wuce da ƙunshin ciyawa a hammata. Injiniya da ciyawa! Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Rannan na ajiye almakashi na lallaɓa bayansa har sama.

Me zan gani? Awaki biyu, sun yi ɓul-ɓul kamar dillalan zinare, suna kallon Jidda a wulaƙance.

Na ce, "Injiniya, Layya saura wata bakwai. Ko nono kake sayarwa a ɓoye?"

Bai yi dariya ba. Ya zaro iƙamarsa, wato katin izinin zama a Saudiyya, ya miƙo min. A gurbin sana'a an rubuta makiyayi. Ashe da bizar makiyayi kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya kawo shi, wai ita ce a hannu, cikin wata uku za a gyara. Shekara shida ke nan.

Na ce, "To, awakin fa?"

Ya ce, "Alhaji, in masu bincike suka tare ni suka ce ina dabbobina, me zan nuna musu? Sukudireba?"

Na yi dariya har sai da na dafa tankin ruwa. Shi kuwa ya ci gaba da zuba ciyawa, ya ce, "Makiyayi ba a ba shi izinin kawo iyali. Na baro matata da cikin wata biyar. 'Yata a hoto na san ta. Fasfona na wurin kafili, kullum na je sai ya ce bukra inshallah, wato sai gobe."

Nan na daina dariya.

Sai da aka ƙara shekara biyu. Wata safiya ya faɗo shagona yana kaɗa sabuwar iƙama: "Halas, Alhaji! Na zama injiniya!" kamar ranar ya gama jami'a. Lokacin awaki sun kai tara. Na wasa wuƙa don walima, ya ce in bari iyali su iso.

Suka iso. Yarinya ta ɓuya bayan uwarta. Ya miƙa alawa, ta ƙi. Ya sayo 'yar tsana mai waƙa, ta ƙi. Kwana uku tana ce masa "mutumin nan". Injiniya ya rame a idona.

Rana ta huɗu yarinyar ta ji kukan akuya daga sama, ta ce, "Umma, awakin wa?" Ya ce, "Zo ki gani." Ni ma, kun san hali, na bi su. Ba a jima ba ta rungumo wata 'yar akuya, ta juyo ta ce, "Baba, wannan tawa ce ko?"

Ya gyaɗa mata kai. Na sauko na ɓoye wuƙata. Da kaji aka yi walimar.

Tun daga ranar na koyi darasi: in na ga mutum mai hankali yana abin da ya yi kama da wauta, nakan riƙe dariyata tukuna, in tambayi abin da yake jira.