Kawu Sale da Heurter

Ku da kuka san Kawu Sale mai gyaran jikin mota a Titin Bauchi, kun san ba ya ɗaga guduma sai ya zagaya mota sau uku, ya shafa inda ta lotsa, sannan ya yanke hukunci: "Wannan heurter ce!" Shekara biyu ya yi yana jan tirela zuwa Damagaram, kalmar Faransanci ɗaya tak ya dawo da ita, amma ya hana mu sakat. A wajensa ma'anarta ita ce kai ka je ka daki abin da yake zaman zamansa. In kai aka daka, wannan ƙaddara ce.

Ko matarsa Inna ba ta tsira ba. Ta yi karo da ƙofa tana ta tsine mata, Kawu ya ce, "Ƙofar ce ta taso ta same ki? Heurter ce, ba ta haƙuri." Ranar Inna ta ƙi girki, rogo ya ci ya kwana.

Wani ɗan acaɓa ya rantse akuya ce ta buge shi. Kawu ya ce, "To je ka kawo ta, ita zan fara gyarawa."

Ni kuwa tawa ta same ni ina tuƙa motar Oga Chinedu mai shagon kayan gini, wanda ya riga ya ce in na ƙara ko ƙwarzane in ajiye makulli. Ina ɗaga wa mai masara hannu a Rikkos, sai ji na yi gwaf, na rungumi turken wuta. Na lallaɓa gareji, na ce, "Kawu, don Allah ka ce tifa ce ta goge ni. Matata ta kusa haihuwa."

Oga ya iso yana huci. "Baba, wane ne ya buga motana?"

Kawu ya yi zagayensa uku. Ya ce, "Oga, turke ba ya tafiya. Heurter ce."

Wayyo! Oga ya miƙo hannu in ba shi makulli. Kawu ya riƙe hannun. "Tsaya. Direban da ya amsa laifinsa da baki ba ya maimaitawa. Kai, faɗa da Faransanci!"

Na buɗe baki na ce, "Na yi heurter." Kawu ya ce bai ji ba. Sau huɗu ina faɗa, makanikai sun taru, Oga ya yi dariya har ya zauna kan taya. Daga ƙarshe ya ce, "Ɗauki mota ka tafi, Faransa."

Wata guda ban gaishe da Kawu ba, kuma wallahi yau ina nadamar kowace rana a ciki. Ya ƙi yi mini ƙarya, kuma bai bar ni na rasa abincin iyalina ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Amin.