Yadda Na Hana Baƙon Babana Cin Nama

Edita, salama gare ka da masu karatu. Ni ɗan mahauci ne a Dakoro. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da barin lakwal ba, wato makarantar boko, amma son karatu bai bar ni ba. Babana yakan sayi tsofaffin littattafan Faransanci yana yagewa yana ƙunsa wa mutane balangu, ni kuwa kafin takarda ta taɓa mai sai na karance ta. A haka na gamu da ƙasar Japan, cikin wani littafin tarihi da ko bango ba shi da shi. Shafin da ya kama ni shi ne na shekarar 1872. Ku ji fa, shekara ɗaya: a cikinta jirgin ƙasansu na farko ya fara gudu, a cikinta aka ce kowane yaro, mace da namiji, ya shiga makaranta, kuma da ta zo ƙarewa suka datse watan ƙarshe don kalandarsu ta yi daidai da ta Turawa. Duk wanda ya tsaya sayen nama sai ya ji wannan, ko yana so ko ba ya so, har ƴan kasuwa suka laƙa mani suna Ɗan Japan. Ni kuwa daɗi nake ji.

A can ƙasan shafin an rubuta cewa mutanen ƙasar sun fi shekara dubu suna ƙyamar naman dabba mai ƙafa huɗu saboda addininsu, kuma a wannan shekarar ne sarkinsu ya... Nan takarda ta ƙare. Shafin gaba tuni ya bi wani gida da nama a cikinshi. Sai na ƙarasa maganar da kaina, na ce ai sarki ƙara tsananta dokar ya yi.

Ana nan sai ga masu haƙar rijiyoyin burtsatse da muke kira foraj sun zo aiki wajen Rumbu, cikinsu da wani ɗan Japan na gaske. Mai unguwa ya roƙi Baba ya sauke shi tunda muna da ɗaki a zaure. Murna wajena ba a magana. Baba ma ya ji an girmama shi, nan da nan ya aika wa wani amininshi makiyayi a Azagor ya kawo mashi rago mai kitse, don a san baƙo ya sauka gidan mahauci. Ni ne na tare Baba. Na ce kada ya kuskura, mutanen nan ba su cin nama, ko warinshi ba su so, in ya yanka ragon nan ya zagi baƙo da kakanninshi. Baba ya dube ni ya tambaya ko na tabbata. Na ce a littafi na gani, da shekara da komai. Bawan Allah ya yarda da ni. Da aka kawo rago ya ɗaure shi a bayan gida, ya daina shigo da ko tsoka ɗaya, kuma in ya taso daga kasuwa sai ya yi wanka ya sake riga kafin ya gaida baƙo.

Haka Inna ta yi ta fama: yau shinkafa da wake, gobe kwaɗon zogale, jibi tuwon gero da miyar kuka wadda ko ƙashi babu. Mu ma duk gidan muka shiga wannan hali, ƙannena suna hararata a bakin akushi. Baƙo kuwa mutum ne mai kunya, duk abin da aka kai mashi sai ya cinye, ya sunkuyar da kai ya yi godiya. Ni ina ganin haka ina ƙara kumbura. Na cika shi da labarin jirgin ƙasa da na kalanda yana dariya, amma ban taɓa ɗauko zancen nama ba, wai kada in ɓata mashi rai. Sai dai mutum ya fara ramewa, wandonshi yana zamewa. Unguwa ta ɗauka: wai mahauci guda ya sauke baƙo yana ciyar da shi ganye kamar akuya. Makiyayin nan ma da ya zo kasuwa ya tsokani Baba, ya ce in ragon don ado aka saye shi, to a ba shi ya ɗaura mashi laya. Baba ya yi dariyar yaƙe, amma na ga abin ya ci shi. Mutuncin da ya yi shekaru yana tarawa a bakin tukuba ne ke zubewa, kuma saboda maganata.

Wata ranar kasuwa da hantsi na zagaya bayan rumfunan mahauta, sai ga baƙonmu a tsugune bayan tukubar abokin hamayyar Baba, ya sa hannu biyu yana cin balangu, mai har gwiwar hannu. Mai tukubar yana hango ni ya ɗaga murya ya ce Ɗan Japan ya zo ya ga ɗan'uwanshi, in je in gaya wa Baba ya ƙara zogale. Baƙo ya miƙe da kunya, ya ce in yi haƙuri, shi ya ɗauka wata al'ada ce ta gidanmu, ko kuma ragon na Sallah ne, shi ya sa bai tambaya ba. Na ce to dokar sarkinsu fa, ta 1872? Sai ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce ai a shekarar ne sarkin ya ci naman sa, labari ya bazu, mutane suka fara cika shagunan dafa nama. Ya ce a gidansu ana ba da labarin wata kakar kakanshi da ta ƙi yarda a dafa a cikin ɗaki, sai a tsakar gida, daga baya kuma ita ke fara miƙo kwano.

Na koma na faɗa wa Baba ina jiran mari. Shi kuwa wuƙa kawai ya ce in miƙo mashi. Kafin la'asar rago ya hau wuta, an kira mai unguwa da makiyayin, har da mai tukubar da ya yi mana dariya. Baba da hannunshi ya riƙa zaɓo wa baƙo wurin taushi, baƙo yana ci yana lumshe ido, ya ce wancan na kasuwa ashe share fage ne. Daga baya baƙo ya karɓi cinya ya yanka siriri-siriri, ya dafa da albasa da sukari irin na garinsu. Baba ya ce shi bai taɓa jin an ɓata nama da sukari ba, amma sai da ya ƙara. Mutumin nan bai bar Dakoro ba sai da wandonshi ya matse shi.

Har gobe ina son shekarar nan ta 1872, yanzu ma na fi sonta tunda na san ƙarshen labarin. Amma ina jan kunnen ƴan'uwana masu ɗokin karatu irina: in takarda ta yanke, kada ku ƙarasa ta da kanku, kuma in mai ƙasa yana zaune a zaurenku, ku buɗe baki ku tambaye shi. Ni ina da ɗan Japan a gida, na bar shi da yunwa saboda rabin shafi. Yanzu in na ɗauko littafi a rumfa, Baba yakan ce in karance shi duka tukuna, shi zai jira da naman.