Ƙugiyar Malam Baƙo

Malam Baƙo Ɗanjalo mutumin Kara ne, amma a Gwarzo ya ƙarar da ƙarfinsa, yana gadin wani ɗakin karatu kusa da makarantar da nake koyarwa. Na ce gadi don ban sami kalmar da ta fi dacewa ba. Yadda yake tsare littattafan nan, sai ka ce kaza da 'yan tsakinta.

Dokarsa ɗaya ce: ba a zuwa kantar littattafai. Ka duba katin katalog, ka kawo lamba, shi ya ɗauko maka. Katunan kuwa, tubarkalla. Sunan marubuci, garin da aka buga, har tsayin littafi da ya auna da rula. Abin da mutane ke zuwa nema ne kawai babu a ciki.

A gabana wata Asibi ta zo daga Lakwaya, tumakinta na fama da zawo.

"Malam, don Allah akwai littafin ciwon dabbobi da Hausa? 'Yata za ta karanta mini."

"Wa ya rubuta?"

"Yo ina zan sani, Malam?"

"To Inna, abin da katalog bai nuna ba, babu shi."

Littafin kuwa ga shi can a bayan ƙeyarsa. Ranar na ji haushinsa har na fita ba sallama.

Ba mugu ba ne. Mutum ne dai da ya fi tsoron kuskure a kan komai, musamman kuskuren ƙugiya. In ka rubuta sunansa da k mara lanƙwasa, sai ya mayar maka da takardarka, ya ce Bako wani mutum ne daban, ka je ka neme shi.

Littafi ɗaya ya rubuta a duniya, kan yadda ake kare hatsi a rumbu, abin da ya koya wurin mahaifinsa. Ya sa masa suna Ƙwaro Ɓarawo. Na karanta, kuma wallahi yana da amfani. Da aka kawo kwamfuta, sai da ya je Kano aka sa mata haruffa masu ƙugiya, sannan ya shigar da littafinsa ba kuskure ko ɗaya. Wurin bayanin abin da littafin ya ƙunsa kuma ya rubuta da Turanci, wai haka ƙa'ida ta ce, alhali don manoma irin na Unguwar Tudu aka yi littafin.

Da ya yi ritaya ya koma Kabo wurin 'yarsa Badi'a. Can gara ta cinye kwafin da ya rage a hannunsa, idonsa kuma ya fara yana. Burinsa ɗaya ne, ya riƙe littafin nan ya ga sunansa a bango kafin ganin ya tafi gaba ɗaya. Ya roƙe ni in raka shi ɗakin karatun.

Muka tarar da Zinnira, wadda shi ya koya wa aikin, a gaban sabuwar kwamfuta. Bayan an gama gaisuwa ta buga sunansa. Babu. Ta buga sunan littafin. Babu.

"Sa ƙugiya mana," in ji shi.

"Baba, wannan ba ta da ƙugiya. Har masu auna katalog ɗin da suka zo bara sun zaunar da mutane sun ce su nemi littattafan Hausa, rabi ba su fito ba." Ta yi 'yar dariya don ta sassauta masa. "Kai ma ka san dokar, Baba. Abin da katalog bai nuna ba..."

Ba ta ƙarasa ba, don Malam Baƙo ya miƙe ya nufi kantar littattafan, abin da bai taɓa barin wani ɗan Adam ya yi ba. Ya bi layin da yatsa har ya isa lambarsa. Wani littafi ne a wurin.

Zinnira ta sunkuyar da kai. "Baba, bayan tafiyar masu auna katalog ɗin an kwashe duk waɗanda ba a taɓa ara ba, don a sami wuri. Ban duba ba, wallahi."

"Ko mutum ɗaya?"

"Ko ɗaya, Baba."

Na daɗe ina jiran ranar da dokar nan za ta kama mai ita, amma da ta zo, tausayi ne ya cika ni. Na raka shi tasha muka jira motar Kabo. Sai da zai shiga ya riƙo hannuna.

"Malam, matar nan ta Lakwaya, tumakinta sun tashi kuwa?"

Na ce masa ban sani ba.