Ƙullin Ɗankwalin Inna

Wata Talata da hantsi ina wanki a tsakar gida, a nan Rijiyar Lemo, sai na ji ana daka. Tim, tim, tim, ba sauri ba jinkiri. Na ce a raina wace mai ƙarfin hali ce wannan, a zamanin da kowa ya koma inji. Har na buɗe baki zan yi wa maƙwabciyata sannu da aiki, sai na tuna tun jiya ta tafi biki. Na tsaya cak, hannuna cikin kumfa. Ashe ba a bayan katanga ake dakan ba. A cikin kunnena na hagu ake yinsa, yana tafiya daidai da abin da ke dukan ƙirjina.

Na san wannan dakan. Ba a kaina ya fara ba.

A Fagge na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke ce wa Inna. Sunanta aka sa mini, don haka ba ta kirana da komai sai takwara. Fura take yi ta sayarwa. 'Yan dakon kasuwar Singa da ma'aikatan tashar jirgi duk sun san ƙwaryarta, wasu har lungunmu suke biyowa idan ta makara. Ba ta yarda da inji ba ko kaɗan, ta ce furar inji ƙarfe take wari. Daga surfe har kirɓi da hannunta take yi. Idan jirgi ya yi kukan safe, to taɓaryarta ta riga shi tashi. Har yau in na ji ƙamshin citta da kanumfari a cikin gero mai zafi, sai in ga bayanta a sunkuye, zufa na bin ramin wuyanta.

Tana da ciwon kai, ya fi taso mata da bazara, lokacin da kwanon ɗaki ke ƙara don zafi, kwatar lungu ta bushe ta bar wari kawai. Sai ka ga ta jingine taɓarya ba shiri, ta dafa bango. Wata jijiya ce a gefen goshinta, takan taso kamar tsutsa, in ka zuba ido za ka ga tana motsi. Ba ta iya zama wuri guda. Ta shiga ɗaki ta fito, ta zauna a kan turmi ta miƙe, ta ce a kashe rediyo, ta dawo ta ce shirun ya yi yawa.

"Masu dakan sun iso," haka take cewa. "Takwara, ɗauko ɗankwali."

Wani baƙin ɗankwali ne na atamfa da ya sha wanki har zanensa ya ɓace. Za ta yanka lemun tsami ta manna a gefe da gefe na goshinta, a naɗe ɗankwalin ya zama kamar igiya, a zagaya kan da shi, a ja. A nan fa ake bambanta gwani da ɗan koyo. Matar baffana in ta ɗaura, kafin a juya ya sassauta. Gwaggona kuma tausayi ne ke hana ta ja. Ni ce na gano dabarar. Nakan tsaya a bayanta, in kafa gwiwata a tsakiyar kafaɗunta, in naɗe bakin ɗankwalin a hannuwana biyu, in jingina baya da duk nauyina, sannan in ƙulla sau biyu a ƙeya. Sai ta sauke wani dogon numfashi.

"Yauwa! Duk gidan nan hannun ado gare su, ke kaɗai ce mai hannun aiki."

Shekaruna ba su wuce goma ba. Kada ku so ku ga yadda nake tafiya a lungu ranar da ta faɗi haka. Ladan aikina kuwa ƙatuwar fura ce guda, mai ɗumi, ba a dama ba.

Akwai wata mai sayen furarta, malamar asibiti ce, Kirista daga wajen Zariya, tana zaune a Sabon Gari. Mama muke ce mata. Duk Asabar takan tsallako da 'yar robarta, su zauna a zaure ita da Inna suna tsokanar juna. Wata rana ta tarar da ni ina tsakiyar ja. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ke Inna, kai ne wannan ko buhun gero?"

"Bar ni da likitata, ba ta karɓar kuɗin kati."

Mama ta yi dariya, amma ta kamo hannun Inna ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannun, sai na ga dariyar ta koma ciki. Ba ta bar gidan ba sai da Inna ta yi mata alkawari. Litinin muka tafi Sabon Gari mu biyu, ina riƙe da bakin mayafinta muna kutsawa tsakanin masu kura da 'yan acaɓa. Aka naɗa mata wani abu a damtse aka yi ta hura masa iska. Ita ko sai cewa ta yi, ashe su ma ɗauri suka iya, sai dai ba su san inda ke ciwo ba. Aka ce hawan jini ne. Aka ba ta ƙwayoyi ƙanana, kullum ɗaya, aka ce ta rage gishiri da kanwa, ta dawo bayan wata guda a sake aunawa.

Ta sha na mako biyu. Kan ya lafa, ta tura sauran a ƙasan kwalla ta ce mai lafiya ba ya shan magani. Damina ta sauka, gari ya yi sanyi, muka manta. Mama ta yi faɗa har ta gaji. Na ji ta a zaure tana cewa, ciwon kai ya tafi ba shi ne jini ya sauka ba, wani ma har ya kayar da shi bai taɓa jin komai ba. Inna ta ƙara mata fura biyu ta ce ta gaida gida.

Bayan kaka masu dakan suka dawo, wannan karon har da jiri. Kwana uku tana safa da marwa a tsakar gida, tana danna ƙirjinta da tafin hannu tana cewa kamar an saki ɗan akuya a ciki. Ita da bakinta ta aika wa Mama cewa gobe za ta zo. Da safe ta yi wanka, ta sa zaninta na fita, ta yafa mayafi. Har ta sa takalmi ɗaya.

"Takwara, ɗan ɗaure mini kafin mu fita, kada rana ta fasa mini kai a hanya."

Na ɗaura. Ban taɓa yin ɗauri mai kyau irin na ranar ba. Na kafa gwiwa, na ja har sai da tafin hannuna ya yi ja. Ta rufe ido. Da ta buɗe sai ta yi murmushi, ta zare ƙafarta daga takalmin.

"Kin ga sun tafi. Me kuma zan je nema a Sabon Gari? Ga gero na jiƙa."

Ni kuwa daɗi ya kama ni. Da gudu na je na faɗa wa gwaggona cewa na warkar da Inna.

Kwana biyu tsakani, tana cikin kirɓi, muka ji taɓarya ta yi wata ƙara daban, ta bugi gefen turmi ta faɗi. Muka fito muka same ta a zaune a ƙasa, bakinta ya karkace, tana kallon hannunta na dama kamar na wani ne. Ɗaurina yana nan a kanta, ko motsi bai yi ba. A asibiti sai da almakashi suka cire ƙullin.

Shekara uku ta yi a kwance, ɓari guda a shanye, magana ba ta fita sai da ƙyar. Babu wanda ya taɓa ce mini kanzil. Mama ma, da na yi mata kuka na faɗa mata abin da ya faru da safiyar nan, goge mini fuska ta yi ta ce yaro abin da aka sa shi yake yi. Amma 'yan dako sun daɗe suna leƙo zaure suna tambayar Inna, kuma duk wanda ya tambaya sai in ji kamar ni yake nufi. Abin da ya fi ci mini rai, wani lokaci Inna takan miƙo mini ragowar ɗankwalin da hannunta mai lafiya, tana nuna goshinta. In karɓa in ɗaura mata sako-sako, ta harare ni.

To, ga shi ni ma masu dakan sun iso. Gaskiyar magana ba a Talatar nan suka fara zuwa ba, sun yi wata biyu suna leƙowa, ina ce wa kaina gajiya ce, ko rana, ko hayaniyar yara. Kuma abin da zan faɗa yanzu da kunya nake faɗarsa. 'Yata ta uku, mai shekara goma sha ɗaya, ita ke ɗaure mini kai. Ban koya mata kafa gwiwa ba, ita ta gano abinta. Har na taɓa ce mata hannunta ya fi na yayyenta, na ga yadda fuskarta ta washe, amma ban farga ba.

Ranar Talatar ta dawo daga makarantar allo ta same ni ina zagaye tsakar gida, wanki a jiƙe, na kasa zama na kasa tsayuwa. Ba ta tambaye ni ba. Ta shiga ɗaki ta fito tana naɗe ɗankwali kamar igiya, tana murmushi.

"Umma, zauna in yi miki irin na rannan. Yanzun nan za su gudu."

Na kalli 'yan hannuwanta. Kaina kamar zai tsage, kuma na san in ta ɗaura zan ji sauƙi. Sauƙin nake tsoro.

"Ajiye shi, uwata. Ɗauko mini mayafi, ki sa takalminki."

"Ban iya ba ne?"

"Kin iya. Iyawar ce ta yi yawa."

Muka je asibiti aka auna, aka faɗa mini abin da na riga na sani. Yanzu akwai ma'auni har a kemis ɗin bakin titi, ba sai an tsallaka Sabon Gari ba. Duk Asabar nakan je, in rubuta lambobin nan biyu a bayan littafina na yaƙi da jahilci, ta sama da ta ƙasa. Wani makon su sauka, wani makon su hau, hankalina ya bi su. Lungunmu na Fagge ya zama shaguna, turmin Inna ban san inda ya ƙare ba, fura ma a leda ake sayar da ita. Ni dai na sake wa yarinyar nan aiki. Kullum da safe ita ke kawo mini ruwa da ƙwaya ɗaya, ta tsaya a kaina har in haɗiye.

Jiya kaina garau na tashi, ko ɗigon ciwo babu. Na ji bakina yana cewa, "Yau ai lafiya ta ƙalau, bar shi sai gobe."

Ba ta janye kofin ba. Na karɓa na sha.