Babur Na Falo

Ku zo ku ga mutumin da ya ɓata min rai a bakin wani gareji a Nakuru ta ƙasar Kenya. Ga shi nan cikin farin wando, hannuwa sumul kamar bai taɓa riƙe sufana ba, yana zagaya tsohon babur ƙirar BSA da Mzee Kiprono ya tsufa yana kai madara a kai. Ciniki ya riga ya faɗa, don gwiwar dattijon ta daina iya buga shi.

"Ɗana," in ji Mzee, "buga shi sau ɗaya in ji muryarsa kafin ku tafi."

Mutumin ya yi dariya. "Haba Mzee, wa ke tayar da irin wannan? Ɗan Ingila ne fa, na kallo ne."

Sai ya fizge tiyo, fetur na tsiyaya cikin kwata, shi kuma yana toshe hanci da hankici. Na rantse akwai wasu babura jere a falonsa, sun yi tsit ƙarƙashin fitilu, ko ɗaya bai iya tayarwa ba.

Yanzu kuma kan dattijon yake kallo. "Hular kwanon nan ma ta zamaninsa ce ko? Cire mu gani."

Mzee, bawan Allah, ya kai hannu yana kwance igiyar hular.